Kaskin da Za Ki Saya, da Kunnen da Na Rasa

Dakoro, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata, autata Zalika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokiyar ɗakinki, da duk wanda ya yi miki alheri a Yamai ko da nuna hanya ne. Allah ya tsare ki a fita, ya tsare ki a komowa, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin baki. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Saƙonki ya shigo talhona jiya bayan la'asar, ina zaune ina tsintar wake. Kika rubuta: "Inna, ke da kika shekara da shekaru da kaskin sauraren sauti a kunne, wane iri zan saya? Ina son guda ɗaya da zai yi mini wasan ordinatar, ya yi mini fim, ya yi mini waƙa." Na karanta wa babanki. Ya sauke tabarau ya ce, "Yo mu da muka tura ta karatun ordinatar, kwamfutar nan, ashe wasa ta tafi yi?" Na ce ya bar mini ɗiya ta sarara, shi ma da ƙuruciyarsa dara ta sha hana shi cin tuwo da zafi. Amma dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Na ajiye faifan waken, na shiga ɗaki na ɗauko biro da takarda, ko da yake sai yau na iya fara rubutu, don amsar nan ta fi ƙarfin saƙon talho.

Zan gaya miki irin wanda za ki saya, kada ki damu. Sai dai kafin nan akwai abin da na ɓoye muku, ke da yayyenki duka, babanki kaɗai ya sani. Kunnena na hagu ba ya ji, Zalika. Ya mutu tun kina ƙaramar lakwal, ajin firamare. Kin sha yi mini tsiya wai ina da sarauta, kullum sai na zaunar da mutum a gefena na dama, kullum ina karkata kai kamar kaza ta hango shaho. To ba sarauta ba ce. Kaski ne ya cinye shi, shi da taurin kaina. Da kunnuwa biyu lafiyayyu kika fita daga gidan nan, kuma da su nake so ki komo mini.

Ina da shekara ashirin da ƴan kai aka buɗe ƙaramin gidan rediyon garinmu, aka ce ana neman mace mai karatun boko da baki mai daɗi. Baki kam Allah ya ba ni, kin sani. Aikina sanarwa da gaisuwa: wane ya ɓatar da raƙumi mai tabo a wuya wajen Birnin Lalle, wance ta haihu a Rumbu, a zo suna ran Asabar. Ranar farko Malam Sani, mai kula da na'urori, ya ɗora mini kaski a ka, ya ce in yi shiru tukuna. Ban taɓa manta wannan shirun ba. Na ji numfashina yana shiga yana fita. Na ji takarda tana motsi a hannuna. Na haɗiye yawu, shi ma na ji shi. Da na ce, "Assalamu alaikum masu saurare," sai muryar ta fito daga tsakiyar kaina, ba daga bakina ba, muryar wata mace mai natsuwa da ban san ina ɗauke da ita ba. Na fito daga ɗakin nan ina takawa a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Har gida garin ya canja mini: luguden mata yana tashi daga wata unguwa wata ta amsa, kurciya a kan bishiyar bedi, amalanken jaki yana kuka da ƙafa ɗaya. Tun ranar na kamu da son sauti, kuma cikin ƴaƴana ke ce kika gado ni.

Kuskurena na farko a kasuwar Maradi na yi shi. Kaskin gidan rediyo na kowa ne, ya sha zufar mutum goma, ni kuwa ina son nawa na kaina. Na shiga wata rumfa, mai kayan ya jera mini guda uku. Biyun farko na sa, na ji su salin-alin, ba hayaniya. Na ukun ja ne mai sheƙi. Ya sa mini kiɗa, ya murɗa ƙara har ƙarshe, ganga ta daki ƙirjina, dum, dum, haƙorana na rawa. Ya ce, "Hajiya, kin ji namiji! Waɗancan biyun na masu ciwon kai ne." Na ce, "Naɗe mini shi." Ko minti biyu ban yi da shi a ka ba.

Da na komo Dakoro na sa kaset ɗin da na fi so duk duniya. Hira ce da na ɗauka da mahaifina, kakanki, a bakin rijiya, yana ba da labarin yadda suka sauko daga arewa da dabbobinsu shekarar da ciyawa ta ƙi. Ba ki riske shi ba. Muryarsa siririya ce, mai ɗan kaushi a ƙarshe, kuma in zai yi dariya sai ya fara jan iska ta hanci. Na sa jan kaskin nan, wallahi sai na ji wani ƙato yana magana daga cikin randa. Kaushin ya ɓace, jan iskar ya ɓace, kukan igiyar guga da ke bayansa ya koma gurnani. Na cire, na zauna ina kallon abin, raina a ɓace. Na ce wa kaina, Mariama, ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai ga shi ba ta yi ba.

To ki ji. Kada ki zaɓi kaski a tsaye, cikin hayaniya, da kiɗan mai kanti. Mai kanti ya san ganga ce ke sayar masa da kaya. Ki tafi da abin gwajinki a talho, muryar da kika sani sarai. Ta babanki ma ta isa, wannan saƙon da ya yi miki faɗa kan cin abinci a kan lokaci. Ki nemi kujera ki zauna, ki rage ƙara ƙasa-ƙasa, ki rufe ido. In babanki ya fito babanki, da gyaran muryarsa da komai, kaskin mai gaskiya ne. In ya fito ƙato, ko ya fito yana magana ta hanci, ajiye musu kayansu. Daga nan ki sa waƙa mai gurmi ko molo, ki ji ko kina rarrabe yatsa a kan tsirkiya da muryar mai waƙa da ƴan amshi, kowa a wurinsa. Sannan ki sa fim, daidai inda mutum biyu ke magana ƙasa-ƙasa mota na wucewa. Abin da ke kashe daɗin fim shi ne kiɗa ya danne magana, ki yi ta ƙara sauti don ki ji me aka ce, sai wata fashewa ta zo ta tsaga miki kai. Kaskin da ke ba ki magana tas a ƙaramin sauti shi za ki ɗauka. Wanda ba ya daɗi sai an murɗa shi, ki bar shi ko kyauta aka ba ki.

Batun wasanki kuwa, kada ki ɗauka ban fahimta ba. Na sha tsayawa a bayanki kina danne-danne, kina cewa, "Inna yi shiru, akwai mai tahowa ta hagu." Ni ban ga kowa a allon ba, ke kuwa kin ji takunsa. Duk sanda kika faɗi haka kakanki nake tunawa. Wata rana da hantsi ina ƴar yarinya, taguwarmu ta ɓace da ƙararrawa a wuya. Muka fita daji ni da shi. Ya hau wani tudun yashi, ya sassauta rawaninsa ya fitar da kunnuwa biyu waje, ya rufe ido. Ni iska kawai nake ji cikin ƙaya. Ya juya kai a hankali, dama, hagu, ya sake komowa, sannan ya miƙa hannu ya ce, "Tana bayan kwarin can, kuma ba gudu take ba, kiwo take." Muka yi tafiya mai nisa kafin ni in fara jin ƙararrawar, can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɓacewa, har ban tabbata ba ko ji nake ko so nake in ji. Na tambaye shi yaya aka yi ya sani. Ya ce, "Kunne ɗaya yana gaya miki akwai abu. Na biyun ke gaya miki inda yake." Muka same ta a bayan kwarin tana cin ganye.

Abin da kike nema a wasa ke nan, kuma ba kowane kaski ke bayarwa ba. Wani yana cusa miki sautin duka a tsakiyar ka, a dunƙule. Wani yana shimfiɗa shi, ki ji na nesa a nesa, na kusa a kusa, na baya a baya. Masu buɗaɗɗen baya, waɗanda za ki ga raga-raga a bayan kunnuwansu, sun fi iya wannan shimfiɗar. Sanya su kamar zama ne a rumfar zana: iska na ratsawa, kina jin waje, waje ma na jin ki. Masu rufaffen baya kuwa ɗakin laka ne an ja ƙofa. Ni a raina buɗaɗɗen na fi so, nesa ba kusa ba. Amma ba ke kaɗai ce a ɗaki ba. In abokiyar zamanki na bitar karatu, harbe-harbenki na zubo mata, zaman ba zai yi daɗi ba. Kuma hayaniyar Yamai za ta shigo miki ta ragar, ta sa ki ƙara sauti, abin da nake gudu ke nan. Don haka ki ɗauki rufaffe, amma ki gwada shi da wasan naki kafin ki ce a naɗe, ki ji ko yana nuna miki hagu da dama da baya.

Rufaffen ma yana da nasa sharrin, kuma na ɗanɗana. Wata azahar ina tsakar gida a kan tabarma, kaski a ka, ina sauraren shirin da za a sa da yamma. Gwaggonki Hadiza, yayar babanki, ta taso tun daga Ajekoriya a motar kasuwa don ta duba ni, lokacin ina da cikin yayanki Habibu. Ta yi sallama a zaure sau uku. Ta leƙo ta hango ni ta gefe, a zaune, ido buɗe, har ina murmushi ni kaɗai, don abin da ke kunnena ya ba ni dariya. Ta juya ta fita. Sai da yamma maƙwabciya ta ce mini, "Ke kuwa me kika yi wa yayar mijinki, ta wuce tana share hawaye?" Zalika, shekara guda cur baiwar Allah nan da ƙyar take amsa gaisuwata. Na je har Ajekoriya da kaskin a jaka, na ɗora mata a ka, na kunna, na tsaya a gabanta ina ta kiran "Yaya, Yaya," don ta gane ba a ji. Ta cire ta miƙo mini ta ce, "To, na gane. Amma wa ya aike ki toshe kunne a gidan da ke da ƙofa?" In kin sa naki, ki zauna kina fuskantar ƙofa, ki gaya wa abokiyar ɗakinki ta taɓa miki kafaɗa in an yi sallama. A titi kuwa kada ki kuskura. Ƴan kabu-kabun Yamai ba sa sallama sau uku.

Sauran ƙananan abubuwa bari in zubo miki su yadda suka zo mini. Mai waya ya fi marar waya a wasa, don marar waya yakan yi ɗan jinkiri, ki ga abu ya faɗi sannan ƙarar ta biyo baya, kuma ranar da aka ɗauke kuran, gari ba wuta, batirinsa ya ƙare, sai ki rataye shi a ƙusa. Ki nemi wanda wayarsa ke cirewa a sa wata, don waya ce ke fara mutuwa. Ni na jefar da kaski lafiyayye saboda na saba naɗe masa waya tamau kamar ina ɗaure akuya. Ki gwada shi a talhonki da ordinatarki, ba a na'urar mai kanti ba. Akwai manya masu cin ƙarfi da ba sa buɗe murya sai an haɗa su da ampli, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ke kuwa ba ki da wurin ajiye wannan. In za ki riƙa magana da abokan wasanki, ki ɗauki muryarki da mikronsa ki saurara, kada su yi ta jin ki daga ƙarƙashin ruwa. Ki bar shi a ka ya daɗe, ki ji ko yana matse miki kai ko yana danne ƴan kunne. Wanda ya zagaye kunne ya fi wanda ya hau kansa. Matashin kunnen kuma na yadi ya fi na fatar roba a zafin ƙasarmu. Nawa na fatar roba ya fara saɓulewa wata bazara ban lura ba. Na tashi daga aiki na wuce gidan suna kai tsaye, kunnuwa da kumatu duk baƙin ɓarɓashi, ina ta gaisawa ina yanga. Har wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyar nan, ki nemi magani da wuri, irin wannan ciwon fatar ba ya son jinkiri."

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauko biro.

Kin san ɗaurin ɗankwalina na da, kin gan shi a hotuna. Nakan ninka shi in karkato da shi dama, ya sauko ya rufe kunnen dama ruf, ninki uku ko huɗu, in bar na hagu a waje da ɗan kunnensa. Matan garin nan har suna suka sa masa, ɗaurin Mariama. Amare na aikowa in je in ɗaura musu. A rediyo ba a ganin mutum, amma ni ban taɓa shiga ɗakin shiri babu shi ba, don mutane na leƙowa ta taga su ga mai muryar. A kan ɗaurin nan nake ɗora kaski. Ɓangaren dama ya zauna a kan tulin yadi, na hagu ya manne a kan kunne tsirara. Dama ba ta ji sosai, sai in murɗa. Masu kira daga ruga da bakin rijiyoyi layinsu na rawa, murya can ƙasa cikin iska, mutum na kwatanta mini saniyarsa da ta ɓace kamar zai yi kuka, sai in ƙara murɗawa. Ina murɗawa don kunnen da ke ɓoye, wanda ke waje shi ke shan dukan.

Malam Sani ya yi magana, Allah ya jiƙansa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yakan ce, "Malama, daga nan inda nake zaune ina jin abin da ke cikin kaskinki. Ki sassauta ɗankwalin nan ki fitar da kunnen, ko ki sa kaskin ta ƙarƙashi." In ce, "Malam Sani, kai dai ji da wayoyinka. In ɓata ɗaurin da na yi rabin awa a gaban madubi ina yi, don wa?" Ya ce, "Don ke." In yi dariya in buɗe mikro. Ni ɗiyar mutumin da ke sassauta rawani kafin ya saurari daji, labarin kawai na riƙe, ban riƙe darasin ba.

Da farko gyare ne. Ina tashi daga aiki sai in ji wani siririn kuka a kunnen hagu, ziiii, kamar gyare ya shige ciki. Kafin in kai gida ya yi shiru, sai in ce gajiya ce. Daga baya ya daina tafiya. Na ɗiga man shanu, na ɗiga ruwan albasa da wata ta ba ni shawara, duk a banza. Sannan, a ganina, mutane suka fara yi mini magana ƙasa-ƙasa. Na yi wa babanki faɗa wai ya koyi ƙunƙuni da girma.

Ranar da na sani, ranar ruwan farko ce. Kin san yadda garin nan ke jiran ruwan farko, kowa ido a gabas. Na komo daga aiki da azahar na kwanta a ɗaki a kan gefena na dama, kunnen dama cikin matashi. Barci bai ɗauke ni ba, na dai lumshe ido, tunani na kai ni yana komo da ni, gonar gero, tudun yashi, inuwar wani gawo da muke hutawa muna yara. Sai ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga. Na ce a raina, ikon Allah, an yi ruwa a wani wuri, iska ta kawo mana labari. Ɗakin tsit. Na buɗe ido na ga labule ya jiƙe, ruwa na gangarowa a bango. Na ɗaga kai daga matashi, sai ga duniya gaba ɗaya ta faɗo mini: ruwa na dukan kwano kamar zai fasa shi, yara na ihu a titi, ke kanki kina tsakar gida kina tsalle kina kirana. Na mayar da kai kan matashi. Shiru. Na ɗaga. Ruwa. Na yi haka ya fi sau biyar, ina fatan in kama kaina da ƙarya. Sannan na zauna a bakin gado na yi kuka, duk gari na murna.

Likita a Maradi ya gwada ni da nasa kaskin, yana sa ƙananan sautuka ina ɗaga hannu in na ji. Ya ce abin da ƙara ta kashe a cikin kunne ba ya sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya. Ya ce in lallaɓa na dama, don shi ma ya sha nasa rabon kuma yana raguwa. Na bar aikin a shekarar, na ce wa mutane hawan jini ne. Kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya. Yaya zan buɗe baki in ce mai muryar gari ta rasa kunne saboda ɗankwali?

Ba rabin ji kaɗai na rasa ba, na rasa inda abu yake. In aka kira ni a kasuwa sai in yi ta waige-waige. Kurciya na kuka, ban san a wace bishiya take ba. Waƙoƙin da na sani tun ƙuruciya, makaɗan da ke zaune a hagu duk sun tashi sun tafi. Wani lokaci da hantsi, in gida ya yi shiru, nakan zauna a ƙarƙashin rumfa in rufe ido in shimfiɗa garin yadda yake da: turmi a gabas, maƙeri a kudu, garken tumaki na wucewa ta bayan katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan, mai fura tana kira tana nisa tana nisa. A cikin kaina duk suna nan, kowa a wurinsa. In na buɗe ido sai su taru a gefe guda. Yana yi mini ciwo, Zalika, ba zan ɓoye miki ba.

Ke hijabi kike sawa, ba ɗauri ba, amma tarkon ɗaya ne. In kina ɗaki, ki cire ki ɗora kaski a kan kunnuwa biyu daidai wa daida. In cikin mutane ne, ki sa shi ta ƙarƙashin hijabin, ko a kan yadi marar kauri da ya kwanta iri ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma yadda za ki riƙa sa shi haka za ki gwada shi a kanti. Kada ki ture ɓangare ɗaya ki bar ɗaya yana aiki shi kaɗai, hannunki zai kai ga murɗawa ba ki sani ba. Ki fara daga ƙasa ki hau kaɗan-kaɗan, ki tsaya tun kina jin kamar bai isa ba, kunne zai saba. In abokiyar ɗakinki ta ce tana jin abin da ke ciki daga gadonta, kada ki yi mata irin bakin da na yi wa Malam Sani, ki rage. Duk kiran salla ki cire, kada ki mayar sai kin idar kin huta. Ranar da kika cire kika ji gyare, ko na ɗan lokaci ne, ki ajiye kaskin kwana biyu. In bai tafi ba ki je wurin likita, kuma kada ki ɗiga komai. In kunne ya ji, jiki ya tsira, haka iyaye suka ce, ni ce dai ban ji ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Ranar da muka raka ki tasha, kin shiga mota kin zauna a bakin taga. Direba ya tada inji, masu talla na ta ihu. Na matso, kika sunkuyo kika kama wuyana, kika sa baki a kunnena kika yi magana. Doguwa ce. Na ji ɗumin numfashinki, na ji leɓɓanki na motsi. Kunnen hagu kika kama, Zalika. Na gyaɗa kai na ce, "To, to, Allah ya yarda," kika sake ni kina share ido, motar ta tashi. Ban san me kika ce ba. Yau kwana goma sha ɗaya ina juya shi a raina. Ko amana kika ba ni, ko gafara kika nema, ko akwai abin da kike tsoro a can, ko kuwa cewa kawai kika yi in kula miki da kyanwarki. Na amsa miki da "to" a kan abin da ban ji ba, kuma ina tsoron kina can kina jira in cika.

Ki sake faɗa mini. Kada ki rubuta. Ki sami wuri marar hayaniya, ki ɗauka da muryarki, a hankali, ki turo. Zan shiga ɗaki in ja ƙofa, in kara talhon a kunnen dama, tun yana nan.

Babanki na gaishe ki da kyau. Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya ba ki abin da kika je nema, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya komo mana da ke lafiya, da jinki da ganinki. Amin.

Innarki,
Mariama